Yadda ake ciyar da medus a akwariyom cikin zafin Yamai

Shekara shida na yi a Jidda ina aiki a wani shagon kifin ado, kuma tun watan farko aka ɗora mini aikin da sauran ma'aikata ke gudu, wato ciyar da medus. Larabawa suna ce masa ƙindilul bahar, fitilar teku. Waɗanda suka yi lakwal a nan gida sun san shi da sunansa na faransanci, shi ne nake rubutawa medus. Halittar ruwan gishiri ce mai siffar laima, ba ƙashi, ba jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kuma wajen kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Da na dawo Yamai sai na kama sana'ar ƙyanƙyasar tarwaɗa, amma ban rabu da medus ba, guda uku nake da su yanzu a ɗakin baƙi, cikin akwariyom, wato akwatin gilashi na kiwon halittun ruwa.

Ran da kawuna ya zo daga Tawa ya daɗe a tsugune gaban gilashin, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan abu ba ido ba baki, me kake ba shi?" Na ce, "Kawu, abincinsa ya fi shi wahala." Ba wasa nake ba. Mai kiwon medus rabin aikinsa ƙyanƙyasar abinci mai rai ne kullum safiya, sauran rabin kuma tsare ruwa kada abincin ya ɓata shi. Medus ɗin kansa ba ya neman komai a wurinka.

Kayan da za ka tanada

Ƙwan artemiya. Shi ne ginshiƙin aikin. Artemiya wani ɗan mitsitsin jatan lande ne da ke rayuwa a tafkunan gishiri, kuma babban kaso na ƙwan da ake sayarwa a duniya daga Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka yake fitowa. Yana zuwa a gwangwani, busasshe, kamar garin ƙasa mai laushi. Kada ka wahalar da kanka neman shagon kayan ado, ka tambayi masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, da shi suke fara ciyar da jariran kifi. Nawa daga Kano ake kawo mini. In ka buɗe gwangwani ka rufe shi ruf ka sa a firigo, laima da zafi suna kashe ƙwan tun yana cikin gwangwaninsa.

Gorunan ruwa na roba masu lita ɗaya da rabi, guda biyu. Ƙaramin injin iska na akwariyom, kuma in da hali ka samu mai batir ko mai caji saboda ɗaukewar kuran. Siririn tiyo kamar mita biyu, a Katako ana samu. Tocila. Sirinji babba marar allura daga farmasi. Ma'aunin zafin ruwa, da ma'aunin gishiri. Bikarbonat na girki. Mataci mai ido ƙanana ƙwarai, na mikron 100 zuwa 150 (mikron dubu ne milimita ɗaya). In babu, tsohon farin hankici mai santsi ko yadin ɗankwali marar launi da aka ninka biyu yana yi. Rariyar tankaɗen gari ba ta yi, ta ciki duk za su zube. Safar hannu ta roba. Randa ko babban tulu na yumɓu, za ka ga amfaninsa a mataki na huɗu.

Gishiri kala biyu ne, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa. Na ƙyanƙyasa, gishirin buhu na kasuwa ya isa, na girki ma yana yi. Na akwariyom ɗin kuwa dole ne ya zama gishirin teku na musamman da ake haɗawa don kifin ado, domin ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ke ciki ba, akwai magnesiyom da kalsiyom da sauransu. Kantun Bilma na dabbobi ne, a bar wa raƙuma da shanu kayansu.

1. Ka san wanda kake ciyarwa

A teku medus ba ya farauta irin ta kifi. Yana buɗe laimarsa yana rufewa, ruwa yana ratsa zaruruwan jikinsa, duk ƙaramar halittar da ta taɓa su sai ƙari ya harbe ta. Ƙarin nan dubbai ne a jikinsa, kowanne kamar zaren allura da aka naɗe cikin ƴar jaka, yana fita da zarar an taɓa. Abin da yake kamawa su ne ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, da ƙwan kifi, da jariran kifi da na kaguwa. Manya daga cikinsu har ƴan'uwansu medus suke ci. Cin ƙwan kifin nan ba ƙaramin abu ba ne: a gaɓar tekun Namibiya, bayan an kwashe kifin sardin fiye da kima, wani bincike da aka buga a 2006 ya nuna nauyin medus a yankin ya zarce na kifi nesa ba kusa ba.

Abin da za ka riƙe daga wannan shi ne, abincinsa ƙarami ne, mai rai ne, kuma sai ya zo ya taɓa jikinsa. Abin da ya nutse ya kwanta a ƙasa ya tashi daga abinci ya koma ƙazanta.

Iri biyu aka fi ajiyewa. Akwai mai kama da farin wata, Aurelia, shi ne kake gani a hotuna yana shawagi. Wannan ruwa mai sanyi yake so, ƙasa da digiri 24, kuma sai an yi masa akwati mai da'ira inda ruwa ke juyawa a hankali ba kusurwa. Jamusawa suka ba akwatin suna kraizel, ma'anarsa abin nan da yara ke murzawa yana juyi kamar katantanwa. Wanda ba shi da ɗakin da kilim ke aiki dare da rana, ban ba shi shawarar ya fara da wannan a Yamai ba. Na gwada, Afrilu ɗaya ta raba mu.

Na biyu shi ne Cassiopea, wanda ni nake kira mai rigingine, domin kwanciya yake a ƙasa laimarsa na taɓa yashi, hannuwansa takwas suna kallon sama kamar kan kabeji. Ɗan ruwan ɗumi ne, akwai shi a Bahar Maliya da tekun Karibiyan, yana jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. Akwati mai faɗi marar zurfi da ɗan yashi a ƙasa ya ishe shi. Ba shi da baki guda a tsakiya, ƙananan bakuna ne masu yawa a jikin hannuwan, don haka ko ka ba shi babban yanka ba inda zai shiga. Shi ne nake kiwo, kuma bayanina ya fi karkata gare shi.

2. Ruwa kafin abinci

Garam 35 na gishirin teku a kowace lita. Akwatin lita 60 zai ci kilo biyu da ɗan ɗoriya, ma'aunin gishiri ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.025. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin, a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu ana busa masa iska kafin a zuba gishiri. Tataccen ruwa ya fi in kana samu. Kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, kuma kada ka sa maganin kifi, da yawansu akwai jan ƙarfe a ciki, shi kuwa guba ne ga medus.

Sai haƙuri. Akwatin zai yi mako huɗu zuwa shida yana aiki ba kowa a ciki, ana ɗan jefa masa abinci kaɗan, har ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna a matacin akwatin, wato abin da ke tace ruwansa, ba matacin artemiya ba. Su ne ke mai da amoniyar da ke fita daga ruɓaɓɓen abinci ta koma abin da ba ya kisa nan take. Wanda ya tsallake wannan ya fara zuba artemiya kullum, cikin kwana goma zai ga medus ɗinsa yana narkewa kamar ƙanƙara a rana. Bakin tiyon da ke jan ruwa zuwa mataci a rufe shi da soso, in ba haka ba zai tsotse hannun medus.

3. Haɗa gorar ƙyanƙyasa

Yanke gindin gora, ka kife ta murfi na ƙasa, ka zaunar da ita cikin gindin wata gorar ko gwangwani. Zuba ruwa lita ɗaya, gishiri garam 25 zuwa 30, wato cokalin cin abinci biyu ba toliya, da ɗan tsunkulen bikarbonat. Zura tiyon iska har ya kai cikin murfin. Dalilin kifewar ke nan: ƙasan ya zama tsukakke, kumfa na tashi daga can, babu lungun da ƙwai zai samu ya kwanta. Ƙwan da ya kwanta ba ya ƙyanƙyashewa. Kada ka sa dutsen iska mai fitar da kumfa ƙanana, bakin tiyo tsirara ya fi.

Wani abokina ya ce tun da kanwa muke da ita ko'ina, me ya kai mu sayen bikarbonat? Ta yi masa aiki sau biyu, na uku ta kashe masa gora guda, domin kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan.

4. Zuba ƙwai, sannan ka yi yaƙi da zafi

Ga medus uku masu faɗin tafin hannun yaro, rubu'in cokalin shayi na ƙwai a rana ya wadatar. Zai yi maka kamar kaɗan ne. Garam ɗaya tak yana ɗauke da ƙwai sama da dubu ɗari biyu. Ko da kana da bakuna da yawa da za ka ciyar, kada ka wuce garam biyu a lita. Kunna iska yadda ruwan zai riƙa motsi kamar tukunya ta fara tafasa, ka bar fitila a kansa, haske yana taimaka wa ƙwan ya farka. Wanda ya manne a jikin gorar ka wanke shi ya koma ciki da sirinji.

A digiri 26 zuwa 28, awa 18 zuwa 24 ake ɗauka. Ƙasa da 25 abin yana jinkiri. Sama da 33 kuwa ƙyanƙyasar tsayawa take. Takardun da ke jikin gwangwani duk don mutanen ƙasashen sanyi aka rubuta su, sai maganar ɗumama ruwa suke. Mu a nan, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da rana ke haura digiri 40, sanyayawa ce matsalarmu. Shekarata ta farko bayan dawowa na zargi mai sayar mini da ƙwai da ba ni tsohon kaya, har muka yi cacar baki, ashe gorar tawa ce ke kaiwa digiri 36 da azahar. Sai da na koma na ba shi haƙuri.

Mahaifiyata ce ta warware mini, ba tare da ta san me nake ƙyanƙyasa ba. Ta ce, "Kai da kake neman sanyi, ga randa a gindin bishiya?" Sai na cika randa da ruwa zuwa rabi, na tsayar da gorar a ciki, na yafa jiƙaƙƙen buhun garara a jikin randar, a inuwa inda iska ke kaɗawa. A busasshen zafin bazara yumɓu yana zufa yana sanyaya abin da ke ciki, kuma ma'aunina bai ƙara haura 30 ba. Da damina, in iska ta yi laima, randa ba ta sanyaya sosai, amma a lokacin zafin ma ya ragu. In babu randa, bokitin ruwa da gorar ƙanƙara a gefe yana yi, sai dai yana son a riƙa dubawa. Wata dabarar kuma ita ce ka zuba ƙwai bayan la'asar, yadda mafi yawan awoyin za su faɗa cikin dare da safiya.

Da hunturu labarin yana juyawa. A Disamba da Janairu daren Yamai yana sauka wajen digiri 15 ko 16, na Tawa ma haka. A shigo da gorar ɗaki, a naɗe ta da tsumma, a matso da ƙwan fitila mai ɗan zafi. In ta kai awa 30 ko 36 kafin ta ƙyanƙyashe, ba lalacewa ta yi ba.

In kuran ya tafi kuma ba ka da injin batir, kada ka zauna kana kallo. Ka riƙa zuƙar ruwan da sirinji kana fesa shi da ƙarfi, ko ka juya da cokali duk bayan kwata. Awa ɗaya ko biyu ba iska ba ta kashe ƙwan da bai fashe ba, amma waɗanda suka riga suka fito suna shaƙewa da wuri, musamman a ruwa mai ɗumi.

Goruna biyu na ce ka tanada, ga dalili: yau ka zuba a ta farko, gobe a ta biyu. Kullum akwai wadda ta nuna.

5. Girbi

Cire tiyon iska. Rufe saman gorar da baƙin ƙyalle, ka haska tocila a ƙasa wajen murfi, ka ba shi minti biyar zuwa goma. Abu uku za su rabu. Ɓawon ƙwai, mai ruwan ƙasa, zai taso sama. Ƙwan da bai fashe ba zai kwanta can cikin murfi. Ƴaƴan artemiya kuwa haske suke bi, za ka ga sun taru kamar hayaƙi mai ruwan goro dab da tocilar, kowanne bai kai rabin milimita ba, suna tsalle-tsalle. Su za ka zuƙo da tiyo ko sirinji, a hankali, ka zuba a mataci.

Kada ka wuce minti goma, sun cunkushe wuri guda ba iska.

Ka ɗauraye su a cikin matacin da ruwa mai tsabta, sannan ka juye su a kofi da ɗan ruwan akwariyom. Ruwan gorar ƙyanƙyasa kada ɗigo ɗaya ya shiga wurin medus, cike yake da amoniya da ƙwayoyin cuta. Shinshina shi ka ji. A zubar, a wanke gorar ba sabulu, a sake sabo. Ɓawon ma abokin gaba ne, ba ya narkewa a cikin medus, kuma yana ruɓewa a akwati. In ka ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa suna yawo a saman kofin, ka kwashe su da gefen takarda. Gara ka yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na artemiyar da ka kwaso ɓawo saboda kwaɗayin tattare duka.

Masu ƙyanƙyasar kifi suna da hanyar narkar da ɓawon da ruwan jabel tun kafin a zuba ƙwan. Tana aiki, ni ma ina yi wa tarwaɗa. Amma sakaci kaɗan wajen ɗauraya ya isa ya kai jabel cikin akwati, don haka ka bari sai hannunka ya faɗa.

6. Ciyarwa

Sa safar hannu. Ga mai rigingine, kashe injin da ke juya ruwa. Zuƙi artemiya a sirinji, ka kai bakinsa kamar faɗin yatsu uku sama da hannuwan, ka matsa sannu-sannu yadda za su sauka kamar yayyafi. Kada ka fesa da ƙarfi, zai tsorata ya dunƙule ya saki yauƙi. Kada kuma ka bari kumfar iska ta fita daga sirinjin. Ga mai kama da wata kumfa masifa ce, tana maƙalewa ƙarƙashin laima ta huda ta. Shi ya sa ba a sa tiyon iska a akwatin medus ko kaɗan. Shi mai kama da wata ba a kashe masa juyawar ruwa lokacin ciyarwa, in an kashe nutsewa yake. A zuba abincin a gabansa ruwa ya kai masa.

Yauƙin nan na mai rigingine yana da labari. Masu iyo a inda yake da yawa sun daɗe suna kukan ruwa na yi musu ƙaiƙayi alhali ba su taɓa komai ba. A 2020 masu bincike suka bayyana cewa a cikin yauƙin akwai ƴan dunƙule-dunƙule masu ƙari da ke motsi da kansu, suna kashe ƙananan halittu, har da artemiya. Wato yana harbi daga nesa. Saboda haka ko ba za ka taɓa shi ba, kada ka tsoma hannu tsirara, kada kuma ka sosa ido. In ya harbe ka, ka wanke da ruwan gishiri ba da ruwan sha ba, kada ka goge, sannan ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa. In numfashi ya fara wuya ko fuska ta kumbura, sai likita, ba jira. Yara kuma a sa wa akwatin murfi.

Bayan minti 20 zuwa 30 ka mayar da injin. Ka sa ƙararrawa a waya, na taɓa mantawa na tafi sallar Juma'a.

Sau nawa? Mai kama da wata sau ɗaya ko biyu kullum. Mai rigingine sau ɗaya ya isa, kuma in ka tsallake rana ɗaya a mako babu abin da zai same shi. Ka ba da sabon girbi nan take. A awoyin farko ɗan artemiya yana ɗauke da guzurin da ya fito da shi daga ƙwai, shi ne amfaninsa. Bayan awa shida zuwa takwas ya fara cinye guzurin, wanda ya kwana a ɗumi kusan fanko ne. Ragowar girbin safe a sa a firigo cikin ruwan gishiri mai tsabta, a faranti mai faɗi, ba wajen ƙanƙara ba. Sanyi yana sa su lafawa, suna kaiwa yamma ko washegari da amfaninsu.

7. Ka duba ko ya ci

Mai kama da wata ba ya ɓoye sirri, jikinsa kamar gilashi ne. Cikin rabin awa zuwa awa za ka ga zobban nan huɗu na tsakiyar laimarsa sun rine sun koma ruwan goro. In sun cika, ya ƙoshi. Mai rigingine sai ka duba hannuwan, za ka ga ɗigon ruwan goro sun manne suna raguwa.

Sai ka haska tocila ta gefen gilashi bayan awa ɗaya. In har yanzu artemiya na yawo birjik, ka yi yawa, gobe ka rage rabi. A Jidda na ga medus da yawa sun mutu a gidajen masu saye, kuma da wuya ka ji wanda yunwa ta kashe. Kusan duk ƙauna ce ta yi yawa, maigida ya zuba, uwargida ta zuba, yara su zuba. Mutum ɗaya ya riƙe ciyarwa a gida.

Yunwa tana da alamarta, kuma tana ba da lokaci. Medus in bai samu abinci ba ƙanƙancewa yake, ya riƙa cin jikinsa, in abinci ya dawo ya sake girma. Saboda haka duk mako ka ɗora ma'auni a jikin gilashi ka rubuta faɗin kowanne. Yana raguwa, ƙara abinci kaɗan. Laima ta yage ko ta huje, duba kumfa da bakin mataci. Ta juye kamar laimar da guguwa ta kama, ko gefenta ya fara zagwanyewa, ka auna zafi da gishiri da amoniya kafin ka taɓa abinci. Ruwa ba ya tsami banza.

Ka riƙa ƙirga bugun laimarsa ma, kamar yadda ake jin bugun jijiya. Amma kada ka firgita in da dare ya yi sanyi. A 2017 masu bincike a jami'ar Caltech ta Amurka sun nuna mai rigingine yana barci duk da ba shi da ƙwaƙwalwa: bugunsa ya sauka daga wajen 58 a minti da rana zuwa wajen 39 da dare. Ni dai tun da na san haka na daina ciyarwa bayan isha'i.

8. Haske ma abinci ne

Launin ruwan ƙasa ko kore-kore da kake gani a jikin mai rigingine ba nasa ba ne. Wasu ƙwayoyin gansakuka ne suke zaune a cikin namansa, suna haɗa sukari da hasken rana suna ba shi, shi kuma ya ba su masauki. Kwanciyar rigingine ma don su sha rana ne. A tsibiran Palawu na tekun Pasifik akwai wani tafki inda wani ɗan'uwansa mai ruwan zinariya yake bin rana daga wannan gefe zuwa wancan kullum saboda wannan dalili.

Ka ba shi fitilar LED mai ƙarfi, fara da ɗan shuɗi, awa 10 zuwa 12 a rana. Kada ka ce ga rana kyauta ka ajiye akwatin a taga, za ta dafa ruwan kafin azahar. In ya fara yin fari fat, ƙwayoyin gansakukar da ya ba masauki ne suka gudu, ko don ƙarancin haske ko don zafi ya yi yawa. A bazara nakan kunna fanka tana busa saman ruwan, tana rage digiri biyu ko uku. Hasken kuma bai ɗauke maka artemiya ba, sukari kaɗai ba ya gina jiki.

9. Ƙosar da artemiya

Wannan ba dole ba ne a watan farko, amma medus da ya daɗe a kan artemiya zalla yakan tsaya da girma. Sau biyu a mako, ka ɗauki girbin da ya kai awa takwas zuwa goma, lokacin bakinsu ya buɗe, ka sa su a sabon ruwan gishiri da iska, ka zuba garin sifirulina ɗan kaɗan, iya abin da zai sa ruwan ya yi kore-kore kana hango yatsanka ta ciki. Sifirulina ita ce gansakukar da matan Kanem a Cadi suke kwasa suna shanyawa, suna kiranta dihe, kuma ana samun garinta a farmasi. Bayan awa 12 cikinsu ya cika, ka tace, ka ɗauraye sosai, ka ba medus.

10. Share bayan ci

Washegari da safe, kafin sabon abinci, ka zuƙe abin da ya kwanta a ƙasa da siririn tiyo, nesa da jikin medus. Duk mako ka canza kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan, da wanda aka haɗa tun jiya, zafinsa da gishirinsa daidai da na ciki. Ka ja layi da alƙalami a jikin gilashi inda ruwa ya tsaya. Abin da ya ƙafe ya sauka ƙasa da layin, ruwa zalla za ka mayar, ba na gishiri ba, domin gishiri ba ya tashi da tururi. Da iskar hunturu, ko in fanka na busawa, kullum sai ka ƙara, kaɗan-kaɗan ta gefe.

In artemiya ta yanke

Yana faruwa, hanya ta rufe ko gwangwani ya ƙare. Akwai garin abincin medus da ake sayarwa a waje, da daskararriyar artemiya. In kana da mai zuwa daga Kotonu ko Abijan ka yi saƙo tun kafin ka buƙata. Garin a jiƙa shi a ruwan akwati tukuna. In duk babu, ka samu ɗanyen jatan lande ko tsokar farin kifi marar mai, ka niƙa lilis, ka tace ta hankici, ka ɗauraye, ka ba da abin da bai wuce kan ashana ba ga kowanne, sannan ka canza ruwa washegari. Ƙananan halittun da ake kamowa a tabki ko bakin kogin Isa suna mutuwa da sun shiga ruwan gishiri, sai dai a ɗiga su kai tsaye a kan hannuwan. Gwaiduwar ƙwai da muke ba jariran tarwaɗa in an matsu, kada ta kusanci akwatin medus, kwana ɗaya za ta mai da ruwan kamar tsari. Haka garin kifi na kiwo da burodi.

In za ka yi tafiya, ka ce zuwa gida Tawa hutun Salla, kwana uku ko huɗu ba abinci ba za su cutar da mai rigingine ba matuƙar fitila na kunnuwa. Ka ciyar da shi da kyau kwana biyu kafin tafiya, ka canza ruwa ana gobe za ka tashi, kada ka zuba abincin guzuri. Wanda za ka bar wa gida, aiki uku kawai za ka ba shi: ya kunna fitila da safe ya kashe bayan magariba, ya cika ruwa zuwa layi daga bidon da ka ajiye masa, in ma'aunin zafi ya kai 30 ya kunna fanka. Gwangwanin ƙwai da sirinji kuwa ka kulle su a ɗakinka ka tafi da makulli.